KADA AIKI YA CINYE JIKIN DOKI: YADDA ZA MU GYARA ABINCINSA IDAN HORO YA ƘARU

A wannan fitowa, shafinmu na noma da kiwo zai yi magana ne a kan doki. Daga ƙarshe za mu ɗan taɓa jaki da shanun huɗa, domin matsalarsu kusan ɗaya ce.

A wata ziyara da muka kai wani ƙauye kusa da Yankara, wani dattijo ya ja mu zuwa turken dokinsa. Ya ce, "'Ya'yana, ku duba mini dabbar nan. Mako uku ke nan yarona yana fita da shi kilisa safe da yamma, muna shirya shi domin hawa. Ban rage masa ko ƙwaya ɗaya ba, amma ga haƙarƙari a fili."

Muka ce, "Baba, kun ƙara masa aiki. To, kun ƙara masa abinci?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai abin da yake ci tun kaka shi yake ci."

Dokin Baba ba ciwo ne da shi ba. Aiki ne ya ƙaru, abinci ya tsaya inda yake, sai jiki ya fara biyan bashin da kitsensa da namansa.

ME YA SA ZANCEN YA SHAFE MU

Ƙasar Katsina ƙasar dawakai ce. An san Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya gaje shi har zuwa 1981, da son dawakai da wasan folo. Hakimai sukan kai dawakansu birnin Katsina domin hawan Sallah. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

A cikinmu masu doki ba su da yawa, amma akwai su. Wani yana ba da haya domin hawan angwanci, wani yana kiwo domin ya sayar, wasu matasanmu kuma suna aikin kula da barga a gidajen masu hali. Ga irin waɗannan gidaje, doki jari ne. Idan ya rame, kuɗinsa ya faɗi. Idan ya mutu, wahalar shekaru ta tafi a rana ɗaya.

Abubuwa biyu sun ƙara wa lamarin nauyi. Na farko, rashin tsaro da satar dabbobi a yankinmu sun sa ba a sakin dabba ta yi kiwo nesa da gari kamar dā. Mun tuna 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi na wani lokaci a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Dabbar da ke turke ba ta da abin da za ta ci sai wanda muka kai mata. Na biyu, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023, kuɗin mota da mashin ya hau, dabbar aiki kuma ta ƙara daraja.

Akwai kuma zancen lokaci. A 2024 ƙaramar Sallah ta zo a Afrilu, babbar kuma a Yuni. A 2025 sun zo a ƙarshen Maris da farkon Yuni. Wato an yi horon dawakai ne a tsakiyar bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, zafi kuma ya kai matuƙa. Aiki mafi yawa ya haɗu da abinci mafi ƙaranci.

YADDA CIKIN DOKI YAKE

Kafin mu ce a ƙara abinci, sai mu san cikin da za a zuba shi. Doki ba sa ba ne. Sa yana da babban tumbi, yana cika shi, ya kwanta ya yi tuƙa. Doki ba ya tuƙa. Tumbinsa ƙarami ne idan aka gwada da girman jikinsa, bai wuce ya ɗauki lita 8 zuwa 15 ba. Ciyawa tana narkewa ne can baya, a cikin babban hanji, inda wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke sarrafa ta sannu a hankali. Dokin da aka sake a fili yakan shafe sa'a 14 zuwa 16 a rana yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Haka aka halicce shi.

Idan aka zuba masa hatsi mai yawa a lokaci ɗaya, ƙaramin hanji ba ya iya narkar da shi duka. Saura sai ya wuce babban hanji ya yi tsami. Tsamin yana kashe ƙwayoyin nan masu amfani, ciki ya kumbura da iska, doki ya kama murɗawar ciki. Wani lokaci dafin yakan sauka ƙafa, kofato ya yi zafi, dabba ta kasa takawa. Doki kuma ba ya iya amai. Abin da ya shiga ba shi da hanyar dawowa.

Saboda haka amsar ramewa ba ita ce a juye masa tiyar dawa ba. Mutane da dama sun kashe dokinsu da hannunsu ta wannan hanya, da kyakkyawar niyya.

YADDA ZA MU GANE YA FARA RAMEWA

Wanda yake ganin dabba kullum ba ya saurin lura da ramarta. Ga hanyoyi uku masu sauƙi.

Ta farko ita ce hannu. A 1983 wani masani mai suna Don Henneke, a jami'ar Texas A&M ta Amurka, ya fito da ma'aunin jikin doki daga 1 zuwa 9. Lamba 1 shi ne wanda ya zama fata da ƙashi, 9 kuma wanda ƙiba ta yi wa yawa. Dokin aiki ana so ya tsaya a 5, ko kusa da haka. Alamar 5 ita ce ido ba ya ganin haƙarƙari, amma idan aka shafa da tafin hannu ana jin su ba tare da an danna ba. Gadon baya a shafe yake, ƙashin bayan bai yi tsini ba. A taɓa wurare shida: wuya, doron kafaɗa, bayan kafaɗa, haƙarƙari, gadon baya da gindin wutsiya.

Ta biyu ita ce igiya. A sami igiyar da ba ta miƙewa, a zagaya ƙirjin doki daidai inda majayi yake zama, a ƙulla alama. A maimaita bayan kowane mako biyu, da safe kafin ya ci. Idan igiya ta fara saura, ya fara raguwa.

Ta uku ita ce lissafin nauyi, ga mai tef ɗin tela. A auna zagayen ƙirji da santimita, sannan a auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu. A ninka zagayen ƙirji da kansa, a ninka da tsawo, a raba da 11,900. Misali: ƙirji 155, tsawo 150. Idan aka ninka 155 sau 155 sau 150, aka raba da 11,900, za a sami kilo 303. Dawakanmu na gida da yawa a nan kusa suke. Sanin nauyi yana taimakawa wajen auna abinci da kuma maganin tsutsa.

Mu lura da abu ɗaya. Dokin da yake samun horo mai kyau yakan rage tumbi, cikinsa ya ɗaure. Wannan ba rama ba ce. Rama ita ce idan gadon baya da cinyoyi suka zube, ƙugu ya fito, gashi ya dushe, dabba ta riƙa gajiya da wuri.

NAWA AIKI YAKE CI

Majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta fitar da ƙa'idar ciyar da dawakai a 2007, inda ta kasa aiki kashi huɗu. Idan aka gwada da dokin da ke hutawa, mai ƙaramin aiki yana bukatar ƙarin ƙarfin abinci kashi 20 cikin 100. Mai matsakaicin aiki, kashi 40. Mai aiki mai nauyi, kashi 60. Na tsere kuwa har kashi 90.

A wurinmu, ƙaramin aiki shi ne fita kilisa sau biyu ko uku a mako, yawanci da tafiya. Matsakaici shi ne fita kusan kullum, ana haɗa tafiya da sassarfa da ɗan sukuwa. Mai nauyi shi ne horon kullum da sukuwa mai yawa, ko folo, ko jan kura da kaya. Dokin Baba ya tashi daga hutu ya faɗa aiki mai nauyi cikin mako ɗaya. Yana bukatar fiye da rabin abin da yake ci a ƙara masa, bai samu ba.

MATAKI NA FARKO: CIYAWA DA HARAWA

Tushen abincin doki ciyawa ce. Kullum ya sami busasshiyar ciyawa da harawa da ba su gaza kilo ɗaya da rabi ba a kan kowane kilo 100 na nauyinsa. Ga doki mai kilo 300, kilo 4 da rabi ke nan mafi ƙaranci, kilo 5 zuwa 6 ya fi. Idan ɗanyar ciyawa ce ta damina, a tuna kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne. Sai a ba shi kamar kilo 20 kafin ta tsaya a madadin kilo 5 na busasshiya.

Kafin a taɓa hatsi, a fara gyara ingancin ciyawar. Karan dawa da tsohuwar ciyawar da ta bushe a tsaye suna cika ciki ne kawai. Ingiricin da aka yanka tun yana kore, kafin ya yi fure sosai, aka shanya shi ya bushe, ya fi su nesa ba kusa ba. Gamba da kyasuwa da harƙiya da kiri-kiri duk suna yi idan an yanke su da wuri. Gaɗagi kuma masu dawakai sun daɗe da sanin amfaninsa.

Harawar wake da ta gyaɗa su ne dukiyarmu. Suna da sinadarin gina jiki da na ƙarfin ƙashi fiye da ciyawa. A yi ƙoƙari kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin abin da doki zai ci ya zama harawa. Amfaninta yana cikin ganye, don haka a ɗaure ta da sanyin safiya kada ganyen ya kakkaɓe, a ajiye ta a rumfa ko a rufe ta. Wadda aka bari a kan itace rana da iska suna dūkanta har bazara ta rasa kirkinta da yawa. Harawar da ruwa ya taɓa ta yi fumfuna, a zubar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son hawa a bazara, tun kaka yake tara harawa, lokacin da take da araha.

MATAKI NA BIYU: HATSI DA DUSA

Idan doki yana cin ciyawa mai kyau iya cikinsa amma igiya tana ci gaba da saura, lokacin ƙarin hatsi ya yi. Kilo ɗaya na hatsi yana ba da ƙarfi kusan na kilo biyu na busasshiyar ciyawa. Ga misali domin doki mai kilo 300, a rana ɗaya:

Yana hutawa: ciyawa da harawa kilo 6, da gishiri. Ba ya bukatar hatsi.

Ƙaramin aiki: ciyawa da harawa kilo 5 da rabi, hatsi da dusa rabin kilo.

Matsakaicin aiki: ciyawa da harawa kilo 5, hatsi da dusa kilo 1 da rabi.

Aiki mai nauyi: ciyawa da harawa kilo 5, hatsi da dusa kilo 2, da ɗan man gyaɗa.

Wannan mafari ne kawai. Dawakai sun bambanta kamar mutane. Igiya da hannu su ne za su nuna ko a ƙara ko a rage. Ga ƙa'idodin da ba a ƙetarewa:

1. Kada a ba doki mai kilo 300 fiye da kilo ɗaya na hatsi a ci ɗaya. A raba na yini kashi biyu ko uku, ko ma huɗu.

2. A auna da sikeli ko sau ɗaya ne. Tiya da mudu sun bambanta daga kasuwar Sheme zuwa ta Ɗandume, kuma kwanon dusa bai kai nauyin kwanon masara ba. A kai kwanon da ake amfani da shi wurin mai sikeli, a san nauyin abin da yake ɗauka.

3. Duk wani canji a yi shi cikin kwana 7 zuwa 14. A ƙara kamar cikin tafin hannu biyu, a jira kwana biyu ko uku, a duba kashinsa. Idan ya yi ruwa ko ya yi wari mai tsami, a koma baya.

4. Ƙwayar dawa ƙarama ce mai tauri, masara ma da tauri. Idan aka ba da su haka, da yawa sukan fita a kashi ba su narke ba, kaji su amfana. A ɓarza su, ko a jiƙa na 'yan sa'o'i. Jiƙon da ya kwana a zafi ya yi tsami, kada a ba shi.

5. A fara ba da ciyawa, sannan hatsi. Dokin da yunwa ta kama yakan haɗiye hatsi ba tauna.

Dusa tana da araha, ba ta kuma shiga rabon yara. Amma tana da aibi ɗaya. Sinadarin fosfaros ya yi mata yawa, na kalsiyam kuma ya yi kaɗan. Dokin da aka daɗe ana ciyar da shi dusa da hatsi zalla, ƙashinsa yakan yi laushi, fuska ta kumbura, ya riƙa ɗingishi ba dalili. Maganin wannan yana gidanmu: harawa tana da kalsiyam mai yawa. Duk ranar da aka ba da dusa, a ba da harawa.

MAI, TUNKUZA DA WAKEN SOYA

Akwai dokin da ya kai iyakar hatsin da cikinsa zai ɗauka amma bai daina ramewa ba. A nan mai yake da amfani. Mai yana ba da ƙarfi fiye da ninki biyu na hatsi mai nauyinsa, ba ya kuma yin tsami a hanji. A fara da cokali biyu na man gyaɗa a cikin dusa, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu har ya kai ƙaramin gwangwanin madara ɗaya a rana, a raba shi biyu. Man da ya yi ɗaci ko wanda aka soya abu da shi sau da yawa bai dace ba.

Wasu suna zaton doki mai aiki sinadarin gina jiki yake bukata da yawa. Ƙarfi ya fi bukata. Idan harawa ta wadata, ta isa. Idan babu harawa, a sa tunkuza ko soyayyen waken soya da aka ɓarza, kamar kwata ɗin kilo a rana. Ɗanyen waken soya yana hana narkewar abinci, sai an soya ko an dafa.

RUWA DA GISHIRI

Doki yana cikin dabbobin da suka fi yin gumi. Yana hutawa ma yakan sha lita 20 zuwa 30 a rana. Idan yana aiki a zafin Afrilu, yana iya ninka wannan. Wato jarka biyu ta lita 25 ba ta yi masa yawa ba. Dokin da bai sha isasshen ruwa ba yakan rage cin ciyawa, busasshen abinci kuma ya toshe masa hanji. Sau da yawa ramar da muke gani daga ƙishi ta fara.

An saba cewa kada a shayar da doki yana dawowa daga gudu. Binciken zamanin nan ya nuna hana shi ruwa ya fi cutarwa. A zagaya da shi a inuwa, a ba shi rabin bokiti, a jira kaɗan, a sake ba shi har ya ƙoshi. A watsa masa ruwa a wuya da ƙirji da ƙafafu domin jiki ya huce.

Gumi yana fita da gishiri. A sa cokali biyu na gishirin miya a abincinsa kullum, a ƙara ɗaya ko biyu ranar da ya yi gumi sosai, muddin ruwa yana gabansa. Kakanninmu sun saba ba dawakai kanwa. Ana iya ci gaba da ba da kaɗan, amma ba ta maye gurbin gishiri.

LOKACIN CI DA RANAR HUTU

Kada a hau doki a yi sukuwa cikinsa cike da hatsi. A bar sa'a biyu zuwa uku tsakanin cin hatsi da aiki mai ƙarfi. Amma kada ya fita da ciki wayam, a ba shi ɗan harawa kafin a ɗaura sirdi. Bayan aiki, ruwa da ciyawa tukuna, hatsi sai bayan sa'a ɗaya. Da dare a bar masa ciyawa mai yawa, domin dare yana da tsawo ga ƙaramin tumbi.

Yawancinmu ba ma aiki ran Lahadi, dabbobinmu ma suna hutawa. Wannan abu ne mai kyau, amma akwai tarko a ciki. A ƙasar Turai, zamanin da dawakai ke jan kaya, an san wata cuta da ake kira ciwon safiyar Litinin. Doki ya huta ran Lahadi yana cin cikakken hatsi, ran Litinin a fita da shi, ba a yi nisa ba sai cinyoyi su sandare, gumi ya karyo, fitsari ya yi ja kamar shayi. Rigakafin shi ne a rage hatsi zuwa rabi tun daren Asabar, a ƙara ciyawa, a kuma sa yaro ya ɗan zagaya da shi bayan an taso daga sujada. Idan abin ya faru a hanya, a sauka nan take, kada a tilasta masa tafiya, a nemo malamin dabbobi.

Shi kansa horon a bi shi daki-daki. A ba shi mako shida zuwa takwas kafin ranar hawa. Makonni biyu na farko tafiya, sannan sassarfa, sukuwa daga baya. A yi da sanyin safiya ko da la'asar. Sannu ba ta hana zuwa.

ABUBUWAN DA KE KASHE DOKI

Masara mai fumfuna. Yankinmu yankin masara ne, kuma an saba ware ruɓaɓɓiyar a ce ta dabbobi ce. Dafin fumfunar masara yana lalata ƙwaƙwalwar doki: ya riƙa tangaɗi, ya makance, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Ba shi da magani. Gyaɗa mai fumfuna kuma tana lalata hanta.

Abincin kaji na kamfani. Wasu ana sa musu maganin da ake kira monensin ko danginsa. Kaji ba ya cutar da su, amma kaɗan daga cikinsa yana kashe zuciyar doki.

Yuriya. Abincin shanu ko dutsen lasa da aka haɗa da yuriya, na masu tuƙa ne. A kuma ɓoye buhun taki.

Gyauron dawa da ɗanyar dawa ƙarama, musamman wadda fari ya taɓa. Tana da dafi mai saurin kisa.

Ciyawar bakin gona da aka yi wa feshi, da irin shuka mai magani, da hatsin da aka zuba wa maganin ƙwari.

Leda da yashi. A zuba abinci a komi, kada a zuba a ƙasa. Yashin da doki yake haɗiya yana taruwa a hanji.

Angurya kuma a bar wa shanu.

IDAN AN YI DUK WANNAN BAI CIKO BA

To, ba abinci ba ne kaɗai. A duba baki. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa tsawon rayuwarsa, gefensu yakan yi kaifi ya yanki kunci. Alamar ita ce yana zubar da dunƙulen ciyawa daga baki, ko ana ganin hatsi a kashinsa. A duba tsutsar ciki, a ba da magani daidai nauyinsa bisa shawarar malamin dabbobi. A cire kaska, domin tana sa zazzaɓi da ƙarancin jini. Sammore ma yana ramar da doki sannu a hankali. A kuma duba gadon baya: idan doki ya rame, sirdin da ya yi masa daidai a dā sai ya fara gurzar ƙashi, ciwo ya hana shi ci. Ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma shi ne wurin fara zuwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da asibitin dabbobi, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI kuma tana Shika.

Dokin da ya rame ƙwarai, wanda ƙasusuwa duk suka fito, a dakatar da aikinsa gaba ɗaya. Kada a fara masa da hatsi, yana iya kashe shi. A ba shi harawa kaɗan-kaɗan sau shida a rana, a riƙa ƙarawa cikin kwana goma. Cikowa takan ɗauki watanni.

JAKI DA SHANUN HUƊA

Cikin jaki irin na doki ne, don haka duk abin da muka hana doki mun hana jaki. Amma jaki ya fi iya amfana da abinci mara ƙarfi. Kara da ciyawa su ne tushe, da dami ƙarami na harawa da ɗan dusa a ranakun da yake jigilar taki ko ruwa. Hatsi mai yawa yana lalata masa kofato. Jaki yana ɓoye ciwo, saboda haka idan ya ƙi ci yini ɗaya, a ɗauke shi da muhimmanci.

Shanun huɗa su ne suka fi shan wannan wahala. Ruwan farko yana sauka ne lokacin da suka fi ramewa, a kuma ɗora musu garma. A fara ƙara musu harawa da dusa da angurya tun wata biyu kafin damina. A yi huɗa da safe, sa'a huɗu ko biyar, a bar musu sauran yini su yi kiwo su yi tuƙa.

DOKI KO YARA?

Mun san tambayar da ke zuciyar iyaye mata. Kilo 2 a rana kilo 60 ne a wata, fiye da rabin buhu. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, bai kamata doki ya ci hatsin da yara za su ci ba. Idan abinci bai isa ba, hanya uku ce. A dogara ga harawa da dusa da ciyawar damina. Ko a rage aikin ya yi daidai da abincin da ake da shi. Ko kuma a sayar da dabbar tun tana da jiki da daraja. Abin da ba zai yiwu ba shi ne cikakken aiki da rabin abinci. Mai ba da haya kuma ya sa kuɗin abinci a cikin kuɗin hayar.

Baba ya zaɓi hanya ta biyu. Ya mayar da kilisa sau ɗaya a rana, ya sayi harawar gyaɗa, ya raba dusa da ɓarzajjiyar dawa kashi uku, ya ƙulla igiyarsa ya rataye a bakin barga.

DOMIN TATTAUNAWA A ƘUNGIYA

1. Wane wata ne dabbobin aiki suka fi ramewa a ƙauyenmu, wane aiki suke yi a lokacin?

2. Harawa nawa gida ɗaya yake bukata daga kaka zuwa saukar ruwa? Za mu iya yin rumfar ajiya ta haɗin gwiwa?

3. Ina muke kai masarar da ta yi fumfuna?

4. Wa ke da tef da sikeli a cikinmu da zai taimaka a auna dabbobin maƙwabta, Kirista da Musulmi, sau ɗaya a wata?

Ku aiko mana da abin da kuka tattauna ta hannun wakilin ƙauyenku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.